Ilimin Ƙananan Yara da Yaƙi da Talauci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin farko na firamare ya san cewa yara ba su farawa daga wuri ɗaya. Wani ya zo ya iya riƙe fensir, yana tambaya, yana jiran a gama magana kafin ya yi tasa. Wani kuma, shekarunsu ɗaya, ko sunansa aka tambaya sai ya sunkuyar da kai. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne irin shekaru biyar ɗin da kowannensu ya yi kafin ya taka ƙofar ajin. Tambayoyin da ke ƙasa a kan waɗannan shekarun suke, da abin da ake yi domin kada talaucin iyaye ya zama gadon 'ya'ya.

Idan an ce ilimin ƙananan yara, makarantar nazare ake nufi?

Nazare ɓangare ne kawai. Maganar ta haɗa duk abin da ke gina yaro tun yana ciki har ya kai shekara biyar ko shida, wasu hukumomin ma suna kai ta har takwas. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun fitar da wani tsari da ya tattara abin cikin biyar: lafiya, isasshen abinci mai gina jiki, tsaro daga cutarwa, damar koyo tun da wuri, da kuma babba mai lura da yaro yana amsa masa. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, don ba a iya ɗaukar hotonsa a sa a rahoto kamar yadda ake ɗaukar sabon gini.

Yara nawa ne abin ya shafa?

Ƙiyasin UNICEF da Bankin Duniya na 2023 ya ce yara kusan miliyan 333 ne ke cikin matsanancin talauci, wato gidajensu na rayuwa a ƙasa da dala 2.15 ga kowane mutum a rana. Mujallar likitoci ta Lancet kuma a 2016 ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici, kashi 43 cikin ɗari ke nan, suna cikin haɗarin kasa kaiwa inda ya kamata su kai a girma da basira. Wajen makaranta, UNICEF ta ce a 2019 yara sama da miliyan 175, kusan rabin waɗanda suka isa shiga ajin share fagen firamare, ba su cikin kowane aji.

Ta yaya rashin kuɗi a aljihun uba zai taɓa ƙwaƙwalwar jariri?

Ta ƙofofi da yawa yake shiga. Ta farko ita ce ciki. Kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, lokaci ne da jiki da ƙwaƙwalwa ke gina kansu da sauri; idan abinci ya gaza ko gudawa ta yi ta maimaituwa, yaro ya tsumbure. A 2022 yara kimanin miliyan 148 'yan ƙasa da biyar ne suka tsumbure a duniya.

Ta biyu ita ce fargaba. Yaron da ke kwana cikin faɗa, ko yunwa, ko ƙaura daga nan zuwa can, jikinsa yana zama a shirye kamar wanda ake kora. Idan abin ya daɗe, kuma babu babban da zai rungume shi ya kwantar masa da hankali, sassan ƙwaƙwalwa masu kula da natsuwa da riƙe abu suna shan wahala.

Ta uku ta fi ɓoyuwa. Jariri ya yi gwaranci ya dubi uwarsa, ta mayar masa, ya yi dariya, ta sake. Wannan 'yar musayar da ake ɗauka wasa ce, da ita ake ɗaura jijiyoyin magana da tunani, a shekarun da ƙwaƙwalwa ke ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Uwar da ta wuni tana neman abin sawa a baka, ta dawo a gajiye, ga bashi a ranta, ba don ba ta son ɗanta ba ne take yin shiru. Talauci yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana cin sukunin zuciya, kuma jariri daga na biyu da na uku yake ci.

Akwai hujjar cewa shirye-shiryen nan suna aiki, ko dai zance ne mai daɗin ji?

Akwai, kuma wadda aka fi ambata ta fito ne daga wani ƙaramin gari mai suna Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka. Daga 1962 zuwa 1967 aka ɗauki yara 123, baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa, masu shekara uku da huɗu. Aka raba su biyu: 58 suka shiga shirin makarantar Perry, sauran ba su shiga ba. Shirin ba wani abin mamaki ba ne: awa biyu da rabi kowace safiya, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, sannan malamar ta je gidan kowane yaro sau ɗaya a mako ta zauna da uwarsa awa ɗaya da rabi.

Abin da ya sa binciken ya yi suna shi ne ba a saki yaran ba, an yi ta bin sawunsu har suka manyanta. Da suka kai shekara 40, kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi shirin suna samun dala 20,000 ko fiye a shekara, na ɗaya ɓangaren kashi 40. Waɗanda aka kama sau biyar ko fiye kuwa, kashi 36 ne a cikin 'yan shirin, kashi 55 a cikin sauran. James Heckman, masanin tattalin arzikin da ya samu kyautar Nobel a 2000, ya lissafa ribar kuɗin da aka zuba ya ce tana tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a shekara.

Na biyu shi ne shirin Abecedarian a jihar North Carolina, wanda aka fara a 1972 da jarirai 111. Wannan ya fi tsanani: wuni guda, kwana biyar a mako, tun daga 'yan watanni har shekara biyar. A shekara 30, kashi 23 na 'yan shirin sun yi digiri, sauran kashi 6. Har hawan jini an samu ya fi sauƙi ga mazan da suka yi shirin, bayan sun haura talatin.

Sai dai a faɗi gaskiya: yaran ba su da yawa, kuɗin da aka kashe wa kowane yaro mai yawa ne, malaman kuma ƙwararru ne. Wanda ya tara yara sittin a ɗaki ɗaya da malama ɗaya, ya ce yana jiran ribar Perry, kansa yake yaudara.

To wannan ai Amurka ce. Ƙasar da ba ta da irin kuɗinta fa?

Nan ne labarin Jamaika ke da amfani. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston, tawagar likita Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su ƙarin abinci, wasu aka riƙa kai musu ziyarar wasa, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti kawai suka samu.

Ziyarar awa ɗaya ce a mako, tsawon shekara biyu, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne ke yin ta. Ka ƙaddara kana tsaye a bakin ƙofa. Ma'aikaciya ta shigo da jaka, ta zauna a ƙasa, ta fito da wata robar da aka wanke da 'yan murafu. Ta jefa murfi ɗaya a ciki, ya yi ƙara, yaro ya ɗago kai. Ta ce "ciki". Ta zazzage, ta ce "waje". Daga nan ba ta ci gaba ba, sai ta tura wa uwar robar. Yaro ya yi ƙoƙari, murfi ya suɓuce, ya sake, ya shiga. Ma'aikaciya ta dubi uwar ta ce ta yaba masa, ta faɗa masa abin da ya yi. Da za ta tafi ta bar kayan wasan a gidan, mako mai zuwa ta zo da wani ta karɓi wannan. Ɗalibin gaskiya a ɗakin nan uwar ce, don ita ke tare da yaron sauran kwana shida.

Bayan shekara 20 aka nemo yaran. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗi kimanin kashi 25 cikin ɗari fiye da waɗanda ba a yi wa ba, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. Ƙarin abincin shi kaɗai ya taimaka da farko, amma tasirinsa bai daɗe ba. Ba wai abinci ba shi da muhimmanci ba ne. Abin da ya nuna shi ne cika ciki kaɗai bai isa ba. Ƙasashe da dama sun ɗauki wannan salon, ciki har da Burazil da ta kafa nata shirin ziyarar gidaje mai suna Criança Feliz a 2016.

Na ji an ce amfanin yana gushewa da zarar yaro ya shiga firamare. Haka ne?

Da gaskiya a ciki, kuma masu tallata shirye-shiryen ba su cika son a tayar da ita ba. A Perry ma, fifikon da yaran suka samu a gwajin basira ya ɓace cikin 'yan shekaru da shigarsu firamare. Shirin Head Start na share fage ga 'ya'yan talakawa a Amurka, wanda gwamnatin Lyndon Johnson ta kafa a 1965, an yi masa babban bincike da yara kusan 5,000, aka ga zuwa aji uku bambancin maki ya kusan shafewa. Mafi ɗaci shi ne na jihar Tennessee: sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna yaran da suka samu gurbi a ajin share fage na jihar, zuwa aji shida sun fi waɗanda ba su samu ba faɗuwa a jarrabawa da shiga matsalar ladabtarwa.

Yaya za a haɗa wannan da abin da ya gabata? Bayani ɗaya shi ne abin da yaro ya fi ɗauka ba haruffa ba ne. Haruffa kowa zai koya a aji ɗaya, na baya ya kamo na gaba. Abin da ke daɗewa shi ne iya haƙuri, iya gama abin da aka fara, iya zama da mutane, kuma jarrabawar aji uku ba ta auna waɗannan. Sai an girma suke fitowa a wurin aiki da zaman aure da nisantar kurkuku. Bayani na biyu, inganci. Wasu masu nazarin Tennessee suna ganin an mai da 'yan shekara huɗu 'yan firamare ƙarfi da yaji: zama a layi, shiru, maimaita abin da aka faɗa. Na uku, idan firamaren da yaro ya shiga ba ta da kirki, abin da aka shuka ba ya samun ban ruwa.

To mene ne ingancin? Idan na shiga cibiyar ƙananan yara, me zan duba?

Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Tsaya minti goma ka saurara. Muryar wa ta fi yawa? Idan ta malama ce kaɗai, yara na amsawa baki ɗaya kamar amshi, da sauran aiki. Duba ko tana durƙusawa ta dubi yaro ido da ido idan yana magana. Yarinya ta kawo mata zane, ta ce "ya yi kyau" ta wuce, ko kuwa ta tambaya wane ne wannan mai dogon hannu, ina za shi? Idan biyu suka yi rigima a kan abin wasa, bulala take ɗaukowa ko tana sa su faɗi abin da ya faru? Ƙirga yara, ƙirga manya. Duba ko kayan wasa suna hannun yara ko suna kulle a kabad ana jiran baƙi. Sai ruwan sha, da wurin wanke hannu, da banɗaki.

Tambaya ɗaya kuma da ba a cika yi ba: yaushe rabon malamar da albashi, kuma shekara nawa ta yi a nan? Ƙaramin yaro da mutum yake sabawa. Inda malamai ke sauyawa duk bayan wata shida, kullum daga farko ake farawa.

Ba gara a ba iyayen kuɗin kawai ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ni ban ga dalilin mai da su kishiyoyi ba. Kuɗi yana rage talauci kai tsaye. Da Amurka ta faɗaɗa tallafin haraji na yara a 2021, talaucin yara ya sauko daga kashi 9.7 zuwa 5.2; da aka bar tallafin ya ƙare, a 2022 ya haura zuwa kashi 12.4. Shirin Progresa na Meziko daga 1997 da Bolsa Família na Burazil daga 2003 sun ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin kai yara asibiti da makaranta, kuma zuwa makaranta da awon yara sun ƙaru.

Amma kuɗi ba ya koya wa kowa yadda ake hira da jariri, kamar yadda ziyarar wasa ba ta biyan kuɗin haya. Ajin nazare ba zai sa uba ya samu aiki ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a riƙa ɗaga ilimin ƙananan yara kamar shi ne maganin talauci gaba ɗaya, don a kauce wa maganar albashi da muhalli da asibiti. Yaron da ya yi awa uku a cibiya, gida yake komawa ya yi sauran ashirin da ɗaya.

Me ake nufi da shirin al'umma, kuma me ya sa ake yabonsa?

Shi ne wanda mutanen wurin ke riƙe da shi: su ba da ɗaki ko fili, su zaɓi mace daga cikinsu a horar da ita, su kafa kwamitin sa ido. Mafi girma a duniya yana Indiya, inda aka fara shi a 1975. Yau cibiyoyin shirin, waɗanda ake kira anganwadi, sun haura miliyan 1.3, ana auna yara, a ciyar da su, a taimaka wajen rigakafi, a yi musu karatun share fage. Kolambiya tun 1986 take da “iyayen al'umma”, matan da ke karɓar yaran maƙwabta goma sha a gidajensu. A Mombasa ta Kenya, Gidauniyar Aga Khan ta fara wani shiri a 1986 tare da al'ummar Musulmi, aka haɗa tarbiyyar addini da koyo ta hanyar wasa, daga baya ya bazu Zanzibar da Yuganda. Birtaniya ta kafa cibiyoyin Sure Start daga 1999, inda uwa ke samun ma'aikaciyar lafiya da wurin wasa da shawara a rufi ɗaya. Bincike ya nuna yaran da suka tashi kusa da cibiyoyin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti da suka girma.

Ƙarfinsa yarda ce. Uwa ta fi sakin jiki da matar da ta sani. Rauninsa kuma, sau da yawa “al'umma” suna ne mai daɗi da ake sa wa aikin da talakan mace ke yi kyauta. Matan Kolambiya sun yi shekaru suna karɓar ɗan alawus, sai a 2014 aka fara biyansu mafi ƙarancin albashi. Ma'aikatan anganwadi har yanzu alawus ake kiran abin da ake ba su, kuma sun sha fita zanga-zanga a kai. Aikin sa kai yana tayar da shiri, amma ba ya riƙe shi shekara goma.

Da wane harshe ya kamata a koyar?

Da wanda yaro ke ji. UNESCO tun 1953 take wannan kira. Yaron da ya ƙware a harshen gida ya fi saurin ɗaukar na biyu. Wanda aka tare shi da baƙon harshe ranar farko, haddar sauti yake yi, tambaya kuma ta mutu a bakinsa.

Ba a raba yaro da uwarsa da wuri ba kuwa?

Ya danganta da shekaru da kuma inda za a kai shi. 'Yan ƙasa da shekara biyu ko uku, yawanci ƙarfafa gidan ya fi, shi ya sa ziyarar gida ta dace da su. Daga uku zuwa sama, cuɗanya da tsara tana da amfani. A lardin Kebek na Kanada, da aka buɗe renon yara mai rahusa ga kowa a 1997, mata da yawa sun samu fita aiki, amma wasu masu bincike sun ga ƙaruwar damuwa da rigima a wasu yaran, abin da ake dangantawa da faɗaɗa shirin cikin gaggawa ba tare da inganci ya bi ba.

Sai dai a tuna, ga matalauciya zaɓin ba tsakanin cibiya da gida mai natsuwa yake ba. Sau da yawa ko dai ta tafi da yaron wurin aiki mai haɗari, ko ta bar shi hannun yayarsa 'yar shekara takwas, wadda ita ma ta bar makaranta ke nan. Cibiya ɗaya tana iya 'yantar da mutum uku.

Ni ban yi karatu ba. Me zan iya yi wa ɗana?

Mafi yawan abin da aka koya wa matan Kingston ba ya bukatar iya karatu. Faɗa masa sunan abin da yake kallo. Idan ya nuna abu, dubi abin, ki yi magana a kai. Ki yi masa waƙa, ki ba shi labari, ki bar shi ya ƙarasa. Littafi mai hotuna ana “karanta” shi da tambaya: mene ne wannan, ina ya tafi? Uba ma haka, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. A rage duka da tsawa. Idan uwa ta daɗe cikin baƙin ciki bayan haihuwa, ba ta jin daɗin komai, a kai ta ga ma'aikacin lafiya. Ciwo ne mai magani, kuma yana taɓa jaririn.

Idan ribar ta kai haka, me ya hana gwamnatoci zuba kuɗi?

Ribar tana zuwa bayan shekara ashirin, zaɓe kuwa bayan huɗu ko biyar. Jarirai ba su da ƙuri'a, ba su da ƙungiya, ba su yajin aiki. Ga shi aikin ya rabu tsakanin ma'aikatar lafiya da ta ilimi da ta walwala, kowa na ganin na wani ne. Alkawari dai an sha yi: muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zuwa 2030 kowane yaro ya samu share fage mai inganci, kuma a taron Tashkent na 2022 ƙasashe sun amince su nufi ware aƙalla kashi 10 na kasafin ilimi ga wannan matakin. Yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna nesa da wannan adadi. Inda gwamnati ta janye, masu zaman kansu ke cike gurbin, sai mai hali ya saya wa ɗansa fifiko tun yana shekara uku.

Yaron da ya wuce shekara biyar bai samu komai ba, shi ke nan ya makara?

A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mutum ba icce ba ne. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da kamun kai, yana ci gaba da girma har bayan shekara ashirin. Abin da ke faruwa shi ne gyaran yana ƙara wuya da tsada. An ga haka a Bukares ta Romaniya, inda daga 2000 aka bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mai da rabinsu hannun iyalan riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari ci gaba a basira da shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi kowa farfaɗowa. Ga wanda ya riga ya shiga firamare a baya, abin da ya fi taimako shi ne a koyar da shi daga inda yake, a ƙaramin rukuni, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai ba, a kuma duba idonsa da kunnensa kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.